Burgonyi: gangaren da kowace gona take da sunanta

A gabashin ƙasar Faransa, tafiyar kilomita 300 da ƴan kai daga Pari, akwai wani dogon gangare da ya taso daga bakin birnin Dijon ya nufi kudu, ya bi ta bayan garin Beaune har ya kai ƙauyen Santenay. Tsawonsa bai wuce kilomita 60 ba, faɗinsa kuwa a wurare da dama bai cika kilomita guda ba. Shi ne zuciyar yankin da ake kira Burgonyi. Faransawa suna ce mishi Côte d'Or, wato gangaren zinariya. Babu zinariya cikinsa, inabi ne aka dasa layi bayan layi, amma da wuya a samu ƙasar noma a duniya da ta kai wasu gonakin wurin tsada.

Giya ake yi da wannan inabi. Ba abin shan galibin masu karatun wannan shafi ba ne, addini ma ya hana. Sai dai labarin na ƙasa ne da iri da gado, kuma duk wanda ya san bambancin jigawa da fadama zai gane shi ba tare da wahala ba.

A ƙauyen Vosne akwai wata gona mai suna Romanée-Conti. Girmanta hekta 1,8 ne, abin da take bayarwa a shekara kuwa kwalba 5.000 zuwa 6.000. A shekarar 2018, wajen wani gwanjo a birnin Niyok, an sayi kwalba ɗaya ta girbin 1945 na wannan gona a kan dalar Amurka 558.000, sama da miliyan 300 na sefa ke nan. In mutum ya gangara daga bakin gonar ya ratsa ƙauyen ya ƙetare babbar hanyar mota, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a ƙasa, zai tarar da iri ɗaya, da manoma masu aiki iri ɗaya, ƙarƙashin ruwan sama ɗaya, amma giyar can ƙaramin ma'aikaci yana iya sayenta. Faransawa suna da kalma guda ta bayyana wannan bambanci, terroir, wadda ta haɗa ƙasa da dutsen da ke ƙarƙashinta da kwanciyar tudu da iska da hannun mutum. Mutanen Burgonyi kuwa sun raba gangarensu gunduwa-gunduwa, kowane yanki da iyakarsa da sunansa na tun kaka da kakanni, suna kiran shi climat. Lokacin da hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya, a watan Yuli na 2015, an ƙidaya irin waɗannan yankuna 1.247.

Ƙasan teku ne a da

Tun shekaru miliyan 150 zuwa 200 da suka wuce, wani teku mai ɗumi marar zurfi ne ya rufe wannan yanki. Ɓawon ƙananan dabbobin ruwa da taɓon da ke kwantawa suka yi ta taruwa bisa juna, har suka zama dutsen farar ƙasa, dangin wanda ake haƙa a Malbaza ana yin siminti da shi. Kwanciyar ba iri ɗaya ba ce. Wani zamani dutse mai tauri ya kwanta, wani zamani laka mai gauraye da farar ƙasa, sa'an nan dutse ya sake biyowa. Daga baya, kimanin shekaru miliyan 30 da suka wuce, ƙasa ta tsage, ɓangaren gabas ya nutse ya zama filin da kogin Saône ke bi a yau, na yamma ya tsaya a sama. Bakin wannan tsaga shi ne gangaren.

Abin ya yi kama da a jibge tabarmi kala-kala a yanka su a karkace, bakin kowace ya fito fili. Shi ya sa mai hawan gangaren, cikin taku ɗari biyu ko uku, yake ratsa ƙasa iri uku ko huɗu. Ga kuma ƙananan tsagogi da suka gocar da shimfiɗun nan, wani ya ɗaga, wani ya sauka, ta yadda dutsen da ke tsakiyar gangare a wannan ƙauye sai a same shi can sama a ƙauye na gaba. Busassun koramu ma sun yanka tudun a wurare da yawa, sun zubo tsakuwa a bakinsu, kuma ta cikinsu ne iska mai sanyi da ƙanƙara suke saukowa.

A can ƙololuwa ƙasa ba ta da kauri, wani wuri taƙi guda aka haƙa sai dutse. Ga sanyi ga iska, don haka akasari an bar wa daji. A gindin gangare kuma ƙasa tana da zurfi da laka da ƙarfi, ruwa yana daɗewa cikinta, sanyin asuba yana taruwa can kamar yadda ruwa ke taruwa a kwari. Itacen inabi yana jin daɗin wurin ƙwarai, ya yi ganye ya yi ɗiya masu yawa, manya, masu ruwa-ruwa. A nan ne hankalin manomin hatsi da na manomin inabi suka rabu: ƙasar da ta fi ƙarfi ita ce mafi araha. Wadda ake rububi ita ce ta tsakiya, tsakanin mita 250 da 300 bisa teku, inda laka da tsakuwa suka gauraya daidai, ruwan sama ya ratsa ya wuce bai kwanta ba, saiwa kuma ta bi tsagogin dutse ta samu ɗan laima ko da an yi fari. Gangaren yana fuskantar gabas, wani wuri kudu maso gabas. Hantsi yana busar da raɓa da wuri, abin da ke rage ruɓewa, tudun da ke baya kuma yana tare wani kaso na iskar yamma mai ɗauke da ruwa.

Masu sayar da giya suna son cewa ana jin ɗanɗanon dutsen gona cikin kwalba, har ana ba da labarin wai malaman zuhudu na da sukan sa ƙasa a baki kafin su yanka iyakar gona. Zance ne mai daɗin ji, amma binciken masana bai tabbatar da shi ba. Saiwa ruwa take sha da abincin da ya narke cikinsa, ba ta ɗauko ɗanɗanon dutse ta kai wa ɗiya. Abin da bincike ya nuna, tun daga aikin Gérard Seguin na jami'ar Bordo a shekarun 1970 da 1980, shi ne cewa babban sirrin yana ga yadda ƙasa ke ba itace ruwa. Idan ta ba shi kaɗan-kaɗan, ba ƙishi mai kisa ba kuma ba ƙoshi ba, sai itacen ya daina tsawo da wuri ya mai da ƙarfinsa ga ɗiya. Ɗiyan su fito ƙanana, ɓawonsu ya yi yawa bisa ruwansu, a cikin ɓawon nan kuwa launi da ƙanshi da bauri suke.

Tudun Corton, arewa da Beaune, ya isa misali. Ta samansa ƙasar fara ce mai laka, an dasa farin inabi. Ta ƙasansa ta yi ja saboda ƙarfen da ke cikinta, an dasa baƙi. A kudu kuma, tsakanin ƙauyukan Puligny da Chassagne, gonaki uku ne ke jere bisa juna: Chevalier a sama cikin tsakuwa, Montrachet mai hekta 8 a tsakiya, Bâtard a ƙasa inda laka ta fi nauyi. Ƴar siririyar hanya ce ta raba na tsakiya da na ƙasa, amma masu saye suna biyan kuɗin Montrachet fiye da na maƙwabtansa biyu nesa ba kusa ba.

Kada a ɗauka duk wannan ƙasa haka aka tarar da ita. Ruwan sama yana kwashe ta daga gangare kowace shekara, kuma ɗaruruwan shekaru manoma suna ɗebo ta daga ƙasa cikin kwanduna a baya suna mayar da ita sama. Duwatsun da suka tsince daga gona da su suka yi katangun da ke tare ƙasar. Wani kaso na abin da ake kira halittar wuri, gumin mutanen da ba a rubuta sunansu ba ne.

Iri biyu kawai

A yankin Bordo, ɗaya babban wurin giya na Faransa, ana gauraya inabi iri biyu ko uku ko fiye cikin ganga guda, wannan ya rufe aibin wancan. A Côte d'Or kusan iri biyu ne kawai: Pinot noir na jar giya, Chardonnay na fara, kuma ba a gauraya su. Tun da iri ɗaya ne daga wannan gona zuwa waccan, in bambanci ya fito ba a iya ɗora shi bisa iri, sai a nemi dalilinsa cikin ƙasa ko hannun manomi.

Pinot noir iri ne mai wuyar sha'ani. Ɓawonsa siriri ne, ɗiyansa a matse suke cikin curi, ruwa kaɗan ya yi yawa sai ruɓa ta kama. Yana toho da wuri, sanyin Afrilu ya same shi. Zafi ya yi yawa ƙanshinsa ya gudu, in kuma aka bar shi ya yi ɗiya da yawa giyar ta fito salam. Wannan rauni nashi ne ya sa ƙaramin bambancin laima ko na rana yake bayyana cikinsa. Chardonnay ya fi shi haƙuri, ana noma shi daga Ostareliya har Amurka, sai dai kamanninsa suna sakewa da wuri. A Chablis, can arewa maso yamma, inda aka fi sanyi kuma laka take cike da ɓawon ƙananan kawa na tsohon teku, giyarsa tana da tsami da kaifi. A Meursault, kudu da Beaune, tana da nauyi da taushi.

Zaman Pinot noir a gangaren nan har da hannun sarauta. A shekarar 1395 sarkin Burgonyi, Filib da ake wa laƙabi da Jarumi, ya ba da doka a tumɓuke wani iri mai suna Gamay daga ƙasarsa, ya kira shi mugun iri marar amana, ya kuma hana zuba wa gonakin inabi taki. Laifin Gamay shi ne yawan haihuwa. Talakawa suna son shi don yana cika ganga, sarki kuwa sunan giyar ƙasarsa yake tsaro a fadojin Turai. Dokar ba ta ci gaba ɗaya ba, don Gamay ya daɗe a filayen ƙasa bayanta, amma inda ya yi suna shi ne kudu, a Beaujolais, bisa dutse mai tauri dangin wanda ke tsaye cikin birnin Damagaram. Can ƙasar ba ta da farar ƙasa, ba ta da ƙarfi, sai ta rage mishi haihuwa ta gyara shi. Abin dariya, a 1999 masana na jami'ar Kaliforniya da na Montpellier suka binciki ƙwayoyin gadon waɗannan iri, suka gano cewa Gamay da Chardonnay uwa ɗaya uba ɗaya suke. Dukansu daga Pinot suka fito da wani farin inabi na talakawa mai suna Gouais, wanda aka raina har ya kusa ɓacewa.

Saiwar da ke cikin ƙasar Burgonyi a yau ma ba ta Faransa ba ce. A 1863 wani ɗan ƙwaro da ake kira filoksera, mai cin saiwar inabi, ya ɓullo a kudancin Faransa daga Amurka. A 1878 aka gan shi a Meursault, cikin ƴan shekaru ya cinye gonaki. Maganin da ya ci shi ne aure, irin wanda masu garka ke yi wa mangwaro: a ɗauki reshen Pinot a ɗaura bisa gindin inabin daji na Amurka, wanda ƙwaron ba ya kashewa. A nan ma ƙasa ta nuna halinta. Gindin Amurka na farko bai jure farar ƙasa ba, ganye ya riƙa yin rawaya yana mutuwa, sai da aka aiki masani Pierre Viala a 1887 ya nemo wani iri a duwatsun Tekzas da ya saba da irin wannan ƙasa. Masu Romanée-Conti sun yi ta fama da tsofaffin itatuwansu marasa aure har 1945. A shekarar nan kwalba 600 kawai gonar ta ba da, aka tumɓuke ta, aka sake dashe a 1947. Ɗaya daga cikin 600 ɗin ce aka yi gwanjonta a Niyok.

Wa ya yanka iyaka?

Malaman zuhudu na Kirista, na gidan Cluny da aka kafa a 910 da na Cîteaux da aka kafa a 1098, su ne suka riƙe manyan gonakin gangaren na tsawon ƙarnuka. Suna da abin da manomi ɗaya ba ya da shi: rubutu, da gonar da ba a raba ta gado. Mutanen Cîteaux ne suka kewaye Clos de Vougeot, hekta 50, da katanga a ƙarni na 14. Juyin juya halin 1789 ya ƙwace dukiyar coci aka sayar, dokar Napoleyon ta 1804 kuma ta ce a raba gado daidai tsakanin ɗiya. Yau Clos de Vougeot yana hannun mutum wajen 80, wani layi kaɗan ne rabonsa.

A 1855 wani likita na Dijon, Jules Lavalle, ya wallafa littafi inda ya jera gonakin daraja-daraja. Ƙauyuka suka ga sunan gona ya fi nasu kasuwa, sai suka riƙa liƙa shi ga nasu: Gevrey ya koma Gevrey-Chambertin a 1847, Vosne ya koma Vosne-Romanée a 1866. Suna ya yi tsada, algus ya biyo baya. Ƴan kasuwa suka riƙa gauraya giyar kudancin Faransa da ta Aljeriya suna sayarwa da sunan Burgonyi. Bayan shari'o'i masu yawa aka yi dokar 30 ga Yuli 1935, wadda ta kafa tsarin tsaron sunan asali. Tun daga nan, kafin a rubuta sunan gona bisa kwalba sai inabin ya fito daga cikin iyakarta, da irin da aka yarda, da yawan da aka ƙayyade. A manyan gonakin jar giya, abin da aka yarda a tatsa bai wuce wajen lita 3.500 a hekta ba, daga itace kimanin 10.000.

Daraja huɗu ce. Ta ƙasa mai ɗauke da sunan yanki ita ce fiye da rabin abin da ake yi. Sai mai sunan ƙauye, sai premier cru, wajen kashi 10 cikin 100, sai grand cru a ƙoli, sunaye 33 a duk Burgonyi, da ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. In aka ɗora taswirar doka bisa ta duwatsu, sun dace a wurare da yawa, amma ba ko'ina ba. Clos de Vougeot duka grand cru ne saboda katangarsa, alhali gindinsa da ke bakin hanya laka ce mai riƙe ruwa, maƙwabtan wannan gindi a wajen katanga kuwa sunan ƙauye kawai suke da shi. Meursault da Pommard da Volnay da Nuits, duk da sunan da suka yi, ba su da grand cru ko ɗaya. Wata gona, Clos des Lambrays, sai a 1981 aka ɗaga ta, ba don dutsen ƙarƙashinta ya sake ba.

Wannan dabara ta tsaron suna ta bar giya ta shiga wasu kayan gona, ta kuma ƙetare teku. Ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda Nijar ke cikinta, ta fara rajistar irin waɗannan sunaye a 2013 da masoron Penja da zumar Oku na Kamaru. Daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar suka shiga.

Gonar da ta fi ƙarfin magada

Doka ta tsare suna, suna ya ɗaga kuɗin ƙasa, har abin ya juyo kan manoman. A 2020 matsakaicin kuɗin hekta ɗaya ta grand cru ya wuce Yuro miliyan 6, kusan miliyar 4 na sefa. Manyan attajirai ne ke iya saye. Kamfanin LVMH ya sayi Clos des Lambrays a 2014. A 2017 iyalin François Pinault suka sayi Clos de Tart, hekta 7 da rabi, a kan kuɗin da jaridu suka ce ya kai wajen Yuro miliyan 250. Duk cinikin da aka yi irin wannan, ma'aikatar haraji tana auna gonakin maƙwabta da shi. In magidanci ya rasu, harajin gado a Faransa yana iya kai kashi 45 cikin 100 a babbar dukiya, ko da yake akwai sassauci ga ƙasar noma. Wanda ya tsaya a gona kuma sai ya biya ƴan'uwansa da suka tafi birni rabonsu, da farashin da amfanin gonar na shekaru masu yawa ba ya mayarwa. Ta haka iyalai da dama suke sayar wa mai kuɗi su koma ƴan haya bisa gonar kakansu.

Ga kuma sauyin yanayi. Garin Beaune yana da abin da wurare kaɗan suke da shi: an iya tattara ranakun fara girbin inabinsa tun daga 1354. Masanan da suka bi wannan lissafi suka wallafa a 2019 cewa kafin 1988 girbi yakan fara ne wajen 28 ga Satumba, daga 1988 zuwa 2018 kuwa ya dawo wajen 15 ga wata, kwana 13 ke nan da wuri. A 2003 tun cikin Agusta aka shiga gona. Da fari manoma sun yi murna, don inabin da a da yake nuna da ƙyar yanzu yana nuna kowace shekara. Amma ɗumi yana sa itace toho da wuri, sanyi kuma bai daina dawowa ba. A farkon Afrilu na 2021 aka yi darare na sanyi mai daskarar da raɓa, manoma suka kwana suna kunna dubban kyandirori tsakanin layuka, duk da haka girbin shekarar ya kasance cikin mafi ƙanƙanta da aka gani cikin shekaru masu yawa.

Tsakiyar gangare ta samu darajarta ne a zamanin da rana take wuya, lokacin da wurin da ya fi ɗumi da saurin tsanewa shi ne ya fi. A shekarun fari na yanzu, itacen da ke bisa siririyar ƙasa mai tsakuwa yana shan ƙishi, na cikin laka a gindi yana samun sauƙi. Wasu manoma sun fara neman gindin aure mai jure fari, wasu suna jinkirta datse rassa don toho ya makara. Wasu kuma suna sayen gonaki a tuddan da ke bayan gangaren, Hautes-Côtes, mita 400 da ɗoriya bisa teku, inda a da inabi ba ya nuna sosai. Bisa takardar doka, giyar can har yanzu tana cikin daraja ta ƙasa.